Filin Masu Sana'a: Kamfani ya ce in kawo farashin yashe magudanan rufi, nawa zan faɗa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina bin wannan fili tun kafin in kama sana'a, yau kuma ga ni da tawa matsalar. Wata bakwai ke nan da na fara yashe magudanan ruwa na rufin gidaje. Kayan aikina tsani ɗaya ne, da bokiti biyu, da cokalin magina, da mesa, sai wani ƙanena da ke riƙe mini tsani. Gida mai magudana kamar mita 35 nakan gama shi cikin awa biyu. Makon jiya manajan wani kamfani ya kira ni ya ce in kawo farashi a rubuce. Sito uku ne a manne da juna, kowanne tsawonsa mita 70, faɗinsa mita 20, tsayin bango zai kai mita 8, sai ofis mai hawa biyu. Na zagaya da ƙafa na samu mita 260 a sito, 90 a ofis, jimla 350. A lissafina gida goma ke nan, sai in ninka kuɗin gida ɗaya sau goma in ɗan rage. Ya ce akwai wasu mutum biyu da su ma za su kawo nasu. Ina tsoron in faɗi da yawa aikin ya kuɓuce mini, ina kuma tsoron in faɗi kaɗan in yi asara. Wace shawara za ka ba ni?

Sabon ɗan sana'a

AMSA

Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa sana'a albarka. Kafin komai, ajiye biro. Kada ka rubuta wa manajan nan ko lamba ɗaya sai idonka ya leƙa cikin magudanan. Bango ka auna da ƙafa, magudana kuwa tana can sama, ba ka gan ta ba tukuna.

Duba yadda kai da kanka ka siffanta ginin. Sito uku a manne, mai yiwuwa kowanne da rufinsa mai doro a tsakiya. In haka ne, ɓangaren gaba da na baya, waɗanda suka ba ka mita 60 sau biyu, galibi babu magudana a jikinsu, domin ba ta nan ruwa yake gangarowa ba. Ka ƙirga mita 120 da babu aiki a ciki. Amma a inda rufin sito ɗaya ya haɗu da na maƙwabcinsa akwai kwari, a cikin kowane kwari kuma akwai magudana mai faɗi da ta miƙe tun daga farkon gini har ƙarshensa. Kwari biyu, mita 70 kowanne, mita 140 ke nan da ba ka sa a lissafi ba, don daga ƙasa ba a hango su. Jimlar mitoci ta tashi daga 350 zuwa 370 kawai, shi ya sa kuskuren yake da wuyar kamawa. Amma aikin ya zama wani abu dabam.

Magudanar kwari tana karɓar ruwan rabin rufi daga dama da rabin rufi daga hagu, wato faɗin mita 20 a tsawon mita 70, murabba'in mita 1,400. Ruwan sama na milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita guda ne cif. Ke nan ruwa mai ƙarfi na milimita 30 zai zuba lita 42,000 a magudana ɗaya. Duk ƙura da ganye da kashin tantabaru da guntayen leda da iska ta watsa a wannan fili, ruwa ya wanke ya tara su a nan. A ce faɗinta santimita 40 ne, laka ta yi kaurin santimita 5 kacal. Kowace mita tana ɗauke da lita 20, mita 140 kuma lita 2,800. Jiƙaƙƙiyar laka kowace lita takan kai kilo ɗaya da rabi, ka ga ana maganar fiye da tan 4. Da bokitin lita 15 sahu kusan 190 ne, kowanne sai an ja shi a kan rufi zuwa baki, a sauke shi da igiya mita 8, a juye, a mayar. Kwashe lakar da cokali shi ne mafi sauƙi a ciki. Hawa da sauka da jigila su ne za ka sa wa kuɗi.

Da jikina na koyi wannan. Shekarata ta biyu a sana'a aka kira ni wata masana'anta. Na tsaya a harabarta da rana tsaka, na ɗaga kai, na ƙiyasta, na ce kwana uku, na yanka kuɗin kwana uku. Manajan bai ko taya ba, ya ce in fara gobe, na koma gida ina murna. Da safe na hau. A kwarin farko ciyawa ce tsaye har gwiwa, kore shar, saiwoyinta sun saƙu da laka sun zama kamar kakkaurar tabarma. Sai mun yanka da adda gunduwa-gunduwa, sannan mu naɗe mu ɗaga mu biyu, baƙin ruwa mai wari yana bin hannu har gwiwar hannu. A bakin wani bututu wata 'yar bishiya ce ta tsiro, kaurin hannun yaro, saiwarta ta bi cikin bututun ta toshe shi tam. Kwana tara muka yi. Yara biyu da na ɗauka na biya su ladan kwana taran cas, don ba su suka yi lissafin ba, kuma sai da na ci bashi kafin na cika musu. A rana ta biyar na je wurin manajan na roƙi ƙari, ya buɗe durowa ya ɗauko takardar da na sa wa hannu. Ban ga laifinsa ba, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin da har yau yake tayar mini da hankali shi ne, a kwana biyun ƙarshe gajiya da takaici sun sa na fara gaggawa a kan rufi, ina taka inda ban duba ba, ina kuma matsa wa yaran su yi sauri. Allah ne ya tsare mu. Shi ya sa in na ga sabon ɗan sana'a zai karya farashi a aikin sama nake jin tsoro, domin mutumin da ya san yana asara ba ya tsayawa ya ɗaure igiya yadda ya kamata.

Saboda haka koma wurin manajan ka ce kana son rabin yini na dubawa kafin ka ba da farashi. Kada ka ji nauyin faɗa. Manaja mai hankali ya fi sakin jiki da wanda ya ce sai ya gani. Tambaye shi ta ina ake hawa rufin, ko akwai matakala ta ciki ko ƙofar rufi, yaushe rabon da a yashe, me kuma ya sa suke neman mai yashewa yanzu. Tambayar ƙarshen nan kada ka manta da ita. Kamfani bai cika tunawa da magudana ba sai ruwa ya zubo a kan kaya. In ya nuna maka inda ya yi yoyo, ka san inda toshewar take, ka kuma san abin da ke hana shi barci. Shiga cikin siton ka ɗaga kai: tabon ruwa a bango, tsatsa a ƙarƙashin kwari, hasken rana da ke ratsowa ta huji. Ƙirga bututan da ke sauke ruwa, ka ga waɗanne ne a waje, waɗanne suka bi ta cikin gini. Ka tafi da tef ɗin awo. Kafin ma ka fita, buɗe hoton tauraron ɗan'adam a Google Maps, yana da abin auna nisa, za ka ga siffar rufin daga sama da bishiyoyin da suka yi masa rumfa.

Maganar hawa kuwa, a nan nake so ka natsu. Tsanin da ke kai ka bakin rufin gida ba zai yi bango mai mita 8 ba. Ƙa'idar kafa tsani ɗaya cikin huɗu ce: duk mita 4 na tsayi, gindin tsani ya nisanci bango da mita 1. A nan mita 2 ke nan, in kuma za ka taka rufin, sai kan tsanin ya zarce baki da kamar mita 1. Kana buƙatar tsanin da ya haura mita 9, mai nauyin da mutum ɗaya ba zai juya shi shi kaɗai ba. A kowace kafawa hannunka ba zai share fiye da mita ɗaya da rabi ba, in dai ba za ka miƙa jiki har cibiyarka ta fita daga tsakanin sandunan tsani ba, wanda shi ne yake kayar da mutane. Mita 140 na gefe, wato dogayen ɓangarorin waje biyu masu mita 70 kowanne, kafawa kusan 90 ce, hawa 90, sauka 90, da bokiti a hannu. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya, inda ake aiki da dokar aikin sama ta 2005, shawararta ita ce tsani na aikin ɗan lokaci ne wanda bai wuce minti 30 ba. A Amurka kuma, a wurin gini, ma'aikacin da ke aiki a bakin wuri mai tsayin ƙafa 6, wato kamar mita 1.8, wajibi ne a yi masa abin da zai tare shi daga faɗowa. Naka bangon ya ninka wannan sau huɗu har da ɗoriya. Bincika abin da dokar inda kake ta ce, amma ko da doka ko babu, mita 8 mita 8 ce.

Ga magudanar gefe, hanya mafi aminci ita ce ka yi hayar motar nan mai kwando da ke ɗaga ma'aikaci sama, tare da mai sarrafa ta wanda ya iya, ko a kafa maka dandamalin ƙarfe mai taya. Akwai kuma injin zuƙe datti mai dogayen sanduna da ake aiki da shi daga ƙasa, da 'yar kyamara a kai. Yana da kyau ga ganye da laka mai laushi, amma ba ya cire ciyawar da ta yi saiwa, ba ya kuma kaiwa kwari. Duk wanda za ka yi amfani da shi, kira masu haya yau ka ji kuɗin yini, da na kawowa da mayarwa, da na mai. Sau da yawa kuɗin hayar yana fin ladanka kai kanka, sabon ɗan sana'a kuma sai ya ji kunyar rubuta shi. Rubuta shi a layinsa dabam, manaja ya san abin da motar take ci. Ka kuma duba inda za ta tsaya: daɓe ne ko turɓaya, akwai gangare, akwai murfin rami, akwai wayar lantarki a sama? Tsanin alminiyom ko doguwar sanda a kusa da wayar wuta ajali ne, kada ka yi wasa da wannan.

Kwari kuwa sai an taka rufi, kuma rufin sito ba duka ake takawa ba. Kwanon roba mai shigar da haske, in ya tsufa ya yi ƙura, daga sama kamanninsa ɗaya da sauran kwano, ka taka ya ɓurma da kai. Tsohon rufin siminti mai asbesto, wani ma'adini mai zare-zare da aka cuɗa a cikinsa, shi ma haka, yana karyewa farat ɗaya, ƙurarsa kuma tana jawo mummunan ciwon huhu bayan shekaru, don haka kada a goge shi, kada kuma a kankare shi. Kwanon da tsatsa ta cinye ma ba shi da amana. Lokacin da kake cikin sito, ƙirga wuraren da haske ke shigowa ka zana su a takarda, ka hau da takardar a aljihu. A sama sai da allunan takawa da aka shimfiɗa a kan ƙarafan da ke riƙe da kwano, da ɗamarar tsaro, wadda ake sawa a jiki mai igiyar da ke riƙe mutum in ya zame, a ɗaure ta a wurin da aka yi dominta. Wadda aka ƙulla a jikin bututun ruwa ba za ta riƙe mutum ba. In ba ka taɓa aiki da waɗannan kaya ba, ba kai kaɗai za ka koya a wannan rufi ba, zan dawo kan wannan. Ka tanadi takunkumi mai kyau da safar hannu mai kauri. Busasshen kashin tsuntsu in an tayar da ƙurarsa yana sa ciwon ƙirji, a yayyafa masa ruwa kafin a kwashe.

In hanyar hawa ta tabbata, sai ka yi abin da ya fi kowane ƙiyasi: yashe mita 10 na gwaji, agogo a hannu. Mita 10 a gefe, mita 10 a kwari. Kada ka zaɓi wuri mai kyau, zaɓi kusa da bakin bututu ko ƙarƙashin bishiya. Fara ƙirga lokaci tun daga sa'ad da ka kafa kaya har ka juye bokitin ƙarshe, ka zuba ruwa ka ga ya wuce. Ko kyauta ka yi wannan gwaji ba ka faɗi ba.

Bari mu yi misali, amma agogonka ne zai ba ka lambobin gaskiya. Yinin aiki awa 8 ne a baki, abin da hannu ke yi a cikin magudana bai cika wuce awa 6 ba. Sauran yana tafiya a jiran maigadi ya buɗe ƙofa, sa hannu a littafi, jiran tirela ta gama lodi ta matsa daga jikin bango, hutu, da haɗa kaya. A ce mita 10 na gefe sun ci minti 50. Mita 140 minti 700 ne, kusan awa 12, yini 2. A ce na kwari sun ci awa ɗaya da rabi. Mita 140 awa 21, yini uku da rabi. Ofis ka ba shi yini 1. Bututai, a ce 20 ne, kowanne sai ka zura masa mesa ka tsaya ka ga ruwa ya fita a ƙasa, yini 1. Share haraba da fitar da shara rabin yini. Jimla yini 8. Ƙara kashi ɗaya cikin biyar saboda ruwan sama da iska mai ƙarfi da za su sauko da kai, da abin da ba ka gani ba. Ka doshi yini 10. Lissafin da ka zo da shi, gida goma awa biyu-biyu, awa 20 ne, yini uku da 'yan awoyi. Da ka miƙa waccan takarda, da ka karɓi kuɗin kwana uku ka yi aikin kwana goma, har kana shirin ragewa a kai.

Yanzu sai kuɗi. Ba zan yanka maka lamba ba, ladan yini a inda kake kai ka san shi. Rubuta ladan ƙanenka na yini 10, da na mutum na uku, domin aikin kwari yana son biyu a sama, ɗaya a ƙasa yana karɓar bokiti yana hana mutane bin ƙarƙashi. Rubuta naka ladan kamar na ma'aikacin da ka ɗauka. Sababbi da yawa suna ɗaukar abin da ya rage bayan sun sallami yara a matsayin riba, alhali ladan guminsu ne kawai. Sai haya, da sufuri na kowace rana, da buhuna da igiya da kayan kariya, da kwashe tan 4 ɗin nan zuwa inda aka yarda a zubar. Tambayi manajan ko suna da wurin zubarwa, in babu, motar kwashewa a wuyanka take.

Akwai kuma kuɗin da ke fita ko ka yi aiki ko ba ka yi ba: waya, gyaran abin hawa, tsanin da ke tsufa, rajista, haraji, inshora. Tara na shekara guda ka raba da kwanakin da kake samun aiki da gaske. In kwana 180 kake aiki a shekara, da 180 za ka raba, kowane yini ya ɗauki nasa kason. Wannan aiki zai ɗauki kaso 10.

Bayan ka tara duka sai riba, kuma akwai wani ɗan tarko a nan. A ce abin da za ka kashe 100 ne, kana son ribar kashi 20 cikin ɗari na abin da za a biya ka. In ka ɗora 20 ka ce 120, ribarka ba ta kai kashi 17 ba. Daidai shi ne ka raba 100 da 0.8, ka samu 125. A ƙaramin gida bambancin ba ya ciwo, a aikin kwana goma yana iya zama ladan yini guda. Ribar nan ita ce za ta saya maka dogon tsani da ɗamara, ita ce kuma za ta riƙe ka a watan da waya ba ta yi ƙara ba.

Game da inshora, a gida in abu ya ɓaci kujera ce ko shimfiɗa za ta jiƙe. A sito kayan mutane ne jibge, darajarsu za ta iya fin abin da za ka samu a shekaru. Kamfanoni da yawa ba sa barin ɗan kwangila ya hau rufinsu sai ya nuna takardar inshora. In za ka yanka, karanta ƙananan rubutun, domin wasu suna sa iyakar tsayin da suka yarda ka yi aiki a kai, kuma a tabbatar ta haɗa da yaran da ka ɗauka.

Takardar farashin kanta shafi ɗaya ya isa, amma ta faɗi komai. Mita nawa a gefe, nawa a kwari, nawa a ofis, bututu nawa. Za ka kwashe, ka wanke da ruwa, ka gwada kowane bututu, ka fitar da shara, ka ba da hotuna. Su kuma za su ba ka ruwa, su kawar da motoci daga jikin bango a ranakun da kuka tsayar, su ba ka mutum ɗaya da za ka riƙa magana da shi. Sannan ka rubuta abin da ba ya ciki: gyara, like huji, canja magudana, da toshewar da ke ƙarƙashin ƙasa bayan ruwa ya bar bututu. Bututun da ya toshe har sai an kwance shi, sa masa nasa kuɗi a kan kowanne, ba kuma za ka taɓa shi ba sai manaja ya amince. Ka sa ranar da farashin zai daina aiki, kamar kwana 30, don kuɗin haya ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Layi ɗaya nake so ka rubuta da babban baƙi. Tsohuwar magudanar ƙarfe, lakar da ke cikinta tana riƙe damshi shekara da shekaru, tsatsa ta ci ƙasan, sannan lakar nan ita ce ta like hujin da tsatsar ta yi. Ranar da ka kwashe, huji ya buɗe, ruwan farko ya zubo cikin sito, a ce cokalinka ne ya huda. Na ga an riƙe wa wani abokin sana'a kuɗinsa a kan wannan, kuma ba shi da abin da zai nuna. Don haka rubuta cewa yashewa takan fito da ɓarnar da ke ɓoye, kuma ba alhakinka ba ce. Ɗauki hoto kafin ka taɓa, ɗauki bayan ka gama, kowace mita 10, da wata alama da za a gane wurin. Duk hujin da ka gani, tura wa manaja hotonsa a ranar, kafin ka bar harabar. Hotunan nan ma su ne shaidar aikinka, don manajan ba zai hau ya duba ba.

Biya ma ya bambanta. Mai gida yakan sallame ka kafin ka gama naɗe mesa. A kamfani takarda ce za ta bi ofis-ofis, manaja ya sa hannu, akanta ya sa, kwana 30 abu ne da aka saba, wani wurin har 60. Masu haya da yaranka ba za su jira ba. Nemi kafin alƙalami da zai rufe haya da ladan makon farko, sauran a raba biyu, rabi in an gama gefe da ofis, rabi in an gama kwari. Tambayi ko suna cire haraji daga kuɗin ɗan kwangila kafin su biya, don ka san abin da zai shigo hannunka. Kada ka kafa tsani sai an ba ka amincewa a rubuce da sa hannun wanda ke da ikon sa hannu.

Su mutum biyun da suke tsorata ka, ba ka san abin da za su rubuta ba, ba ka kuma san ko sun hau ba. In ɗaya ya auna daga ƙasa kamar yadda ka yi da farko, farashinsa zai yi ƙasa da naka sosai, ba kuma abin da za ka yi a kai sai abu ɗaya: ka sa wa manaja hoton kwarinsa a gaba, ka nuna masa kaurin lakar da tef a ciki, ka ce ga abin da na gani, ga kwanakin da zai ci. In ya ce ka rage, kada ka rage kuɗi aiki yana nan yadda yake. Rage aikin. Ka ce in su za su kwashe shara zai sauko da kaza, in za su ba da tasu motar ɗaga ma'aikaci zai sauko da kaza, ko a yi kwari biyu yanzu tunda su ne ke barazana ga kaya, a bar gefe zuwa wani wata. Kada kuma ka ce masa kai sabo ne don haka ka yi araha. Lakar ba za ta yi maka sauƙi don kai sabo ne ba. In duk da haka ya ba wani, ka gode masa ka bar masa lambarka.

Na ce zan dawo kan maganar kwari. A gaskiya, wata bakwai da tsani ɗaya, ban ga ka isa hawa wannan rufi kai da ƙanenka ba, kuma ba raini ba ne. Hanya biyu gare ka. Ko ka nemi wanda ya daɗe a aikin rufi, mai alluna da ɗamara da inshora, ya hau tare da kai tun ranar dubawa, ya yanka maka kuɗin kwari, ka sa a takardarka da ɗan kasonka a kai, ka yi aiki a ƙarƙashinsa a sama kana koyo. Ko ka gaya wa manaja ƙarara cewa za ka yi ofis da gefe, kwari kuma a ba wa masu kayansa. Ni na fi son ta farko, don kwana huɗu a gefen gwani za su koya maka abin da shekara guda a gidaje ba za ta koya maka ba. Amma ta biyun ma ba abin kunya ba ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

A ƙasan takardar ƙara layi ɗaya: farashin dawowa sau biyu a shekara, kafin lokacin ruwa da kuma bayan ganye ya gama zuba. Yashewar farko ce mai wahala, tana ɗauke da dattin shekaru. Ta biyu ba za ta ci rabin lokacin ba, ka kuma riga ka san kowane bututu da kowane kwanon roba. Wannan ne wurin da ya dace ka yi wa kamfani sauƙi.

Kira manajan gobe da safe ka nemi ranar dubawa, ka kira masu haya, ka nemo gwanin da zai hau da kai. In ka yi gwajin, rubuto mini minti nawa mita goman gefe suka ci, nawa na kwari suka ci, da kaurin lakar da ka samu, da irin kwanon da ke kan rufin, sai mu sake bin lissafin tare kafin ka miƙa takarda.